Daga Littafi Zuwa Fim: Me Marubuci Ke Sayarwa?

[Hoto: matashiya a Gusau tana rubutu a waya]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci.

A Gusau, da Ƙauran Namoda, da Talatar Mafara, akwai mata da matasa da yawa da ke rubuta littafi a cikin waya. Babi-babi suke sakinsa a WhatsApp ko Wattpad ko ArewaBooks. Farkon labari kyauta ne, in ya ɗauki zafi sai a ce mai son ci gaba ya turo kuɗi. To, a ce wata daga cikinsu littafinta ya karɓu, sai ga kira daga Kano: "Malama, mun karanta labarinki, muna son mu yi fim da shi. Nawa za ki bar mana?" Ita kuma cikin murna da kunya ta ce, "Alhaji, duk abin da ka bayar Allah ya sa albarka." Ya tura kuɗi, ciniki ya faɗa.

Tambayarmu a yau ita ce, me ta sayar? Fim ɗaya? Fim mai dogon zango har kashi goma? Sunayen mutanen da ta ƙirƙira? Na shekara nawa? Galibi ita ba ta sani ba, shi ma da ya biya bai tantance ba. Sai ranar da kuɗi suka fara shigowa rigima ke tashi.

[Hoto: tsofaffin littattafan Hausa da kaset-kaset na bidiyo]

Wannan harka ta daɗe a ƙasar Hausa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ma gidan talabijin na NTA Kaduna ya yi wasansa. Da finafinan bidiyo suka kankama a Kano, bayan Turmin Danya na 1990, marubutan littattafan soyayya na cikin waɗanda suka ɗora harsashin masana'antar. Ado Ahmad Gidan Dabino ya ɗauki littafinsa In Da So Da Ƙauna ya yi fim da shi a 1994. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu shi ma ya zama fim. Har yau marubuta irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih, waɗanda aka fara sani da littafi, suna cikin masu rubuta wa Kannywood da Arewa24 labari.

Dalilin da ya sa furodusa ke bin littafi a fili yake. Fim kasada ce: ka zuba kuɗi, ba ka san ko za a kalla ba. Littafin da mata dubbai suka karanta, suka yi ta gardama a kan jarumarsa, ya riga ya ci jarrabawa, kuma ya zo da masu kallonsa. Ga shi kasuwar ta sauya. Zamanin faifan CD ya wuce, satar fasaha ta durƙusar da shi, yanzu fim mai dogon zango ake yayi a YouTube da tashoshin talabijin. Mai fitar da kashi ɗaya duk mako yana da yunwar labari mai tsawo, mai rassa, mai sa a ƙagu a ga na gaba. Haka littattafan waya suke tun asali.

[Hoto: manomi da mai gona suna magana a bakin gona]

Mu nan Zamfara mun san harkar gona, don haka bari mu auna da ita. Mai gona zai iya sayar da ita baki ɗaya, ta fita hannunsa har abada. Zai iya ba da haya ta damina biyu ko uku, ta dawo masa. Zai iya cewa a noma a raba amfani. Littafi ma haka yake, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar wa marubuci ikon amincewa ko hana a juya aikinsa zuwa fim. Haƙƙin buga littafi daban, na fassara daban, na karanta shi a rediyo ko YouTube daban, na fim daban. Ana iya ba da ɗaya a riƙe sauran. Dokar ta kuma ce sayar da haƙƙi, ko mallaka wa mutum ɗaya shi kaɗai izini, ba ya tabbata sai a rubuce. Cinikin fatar baki ta waya ba ya kare mai sayarwa, ba ya kare mai saye.

A Amurka da Ingila, inda wannan ciniki ya tsufa, da wuya a sayi littafi kai tsaye. Kafin alƙalami ake fara bayarwa. Furodusa ya biya wani ɗan kaso, sau da yawa kamar kashi 10 cikin 100 na farashin da aka yanke, a ajiye masa labarin na wata 12 zuwa 18, kada a ba kowa. A cikin wannan lokaci zai nemo masu zuba jari, da darakta, da 'yan wasa. In ya dace, ya cika kuɗi a fara ɗauka. In bai dace ba, labari ya koma hannun mai shi, kuɗin da aka ba shi kuma ya zama nasa. Mafi yawan littattafan da aka yi wa haka ba sa kaiwa ga zama fim, amma marubucin bai yi asara ba. Wannan tsari, a ganina, shi ya fi dacewa da mu. Labarai da yawa suna kwance a hannun waɗanda suka saye su da arha, su ba su yi fim ba, su ba su saki ba.

[Hoto: takardar yarjejeniya, alƙalami a kai]

Yanzu mu tsaya a kan kalmar da ta fi cutar da marubuta, wato "riba". Za a ce maka, "Ba mu da kuɗi da yawa yanzu, amma za mu ba ka kaso cikin riba." Maganar da daɗin ji. Sai dai wa zai yi lissafin ribar? Wanda zai biya ka. Winston Groom, marubucin littafin Forrest Gump, an ba shi dala 350,000 da alƙawarin kashi 3 cikin 100 na riba. Fim ɗin ya fito a 1994, ya tara sama da dala miliyan 600 a duniya, amma lissafin kamfanin ya nuna ba a ci riba ba, bayan an cire kuɗin talla, da na rarrabawa, da kason manyan da suka yi yarjejeniya a kan kuɗin shiga tun daga tushe. In an yi wa marubucin Amurka haka, ga lauyoyi ga kotuna a kusa da shi, ina ga yarinyar da ke Tudun Wada a Gusau, wadda ko ofishin kamfanin ba ta taɓa gani ba?

Abin da ya fi tsaro shi ne a yanke kuɗi a kan kowane kashi da aka fitar, ko kuma kaso daga kuɗin da suka shigo kafin a cire komai. A YouTube wannan ba wuya, domin kowane bidiyo yana da shafin da ke nuna yawan kallo da abin da ya kawo, mai tashar zai iya nunawa in an rubuta haka a yarjejeniya. Ku tuna kuma fim a YouTube ba ya daina kawo kuɗi ranar da aka gama haska shi. Shekara biyar ana kallo, shekara biyar talla na biya.

Mu yi wa furodusa adalci shi ma. Kuɗin da mai kallo a Nijeriya ke kawowa ta talla bai kai na mai kallo a Turai ba, ga kuɗin kayan aiki, da masauki, da abinci, da man janareta. Kuma littafi ba ya shiga kyamara yadda yake. Marubuciya za ta rubuta cewa jarumi ya hau jirginsa na kansa zuwa Dubai, layi ɗaya ne a wurinta, a wurin furodusa kuwa kasafin fim ɗin gaba ɗaya ne. Shafi goma na zancen zuci dole a mayar da su magana ko aiki. Sannan akwai Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da ƙa'idojinta a kan sutura da taɓa juna tsakanin mace da namiji. Abubuwa da yawa da ke wucewa a littafin waya ba za su wuce a can ba. Saboda haka sauyi dole ne. Abin da marubuci zai nema shi ne a rubuta sunansa da na littafinsa a farkon kowane kashi, a nuna masa rubutun fim kafin a ɗauka, kuma a fayyace wa ke da ikon ci gaba da labarin in littafin ya ƙare masu kallo ba su ƙoshi ba. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, alhali a fim mai dogon zango nan kuɗin suke.

[Hoto: iyali zaune, ana duba takardu]

Saura batun gado. A dokar Nijeriya haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka mai son yin fim da littattafansa har yanzu sai ya nemi izinin masu riƙe da haƙƙin. Tarihi kuwa ba na kowa ba ne. Mai son yin fim a kan Sarauniya 'Yargoje ko Kanta na Kabi ba ya bukatar izinin wani marubuci, matuƙar bai ɗauki tsarin labari da maganganun da wani ya ƙaga a littafinsa ba.

Ga marubutanmu na waya, a adana asalin rubutu da ranar da aka fara sakinsa, a ajiye kwafin duk yarjejeniyar da aka sa wa hannu da sunayen shaidu, kuma in da laƙabi kake rubutu, ka sanar da wani a gida. Haƙƙin littafi dukiya ce da ke shiga rabon gado, kuma magada ba za su nemi abin da ba su san da shi ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana karɓar rajistar aiki ta intanet, ana iya cike takardar daga Gusau ba sai an je Abuja ba.