Dokar Norway na bin mutum har ƙetare

Assalamu alaikum jama'a, ina gaishe ku daga Oslo, babban birnin Norway. Ku duba bayana, ga jirgin ruwan da ke kwana a teku ya wayi gari a Kofanhegan, babban birnin Danmak. A Danmak, biyan babbar mace kuɗi a kwana da ita ba laifi ba ne a doka, haka ma Jamus. To nan fa wasu 'yan uwa ke ruɗuwa, su zaci da sun tsallake iyaka shi ke nan.

Tun 1 ga Janairun 2009 Norway ta haramta sayen jima'i, kuma ta ce dokar na bin mutum duk inda ya je. Sashe na 316 na kundin laifuffuka ne: tara, ko ɗaurin da zai kai wata 6, ko shekara 1 idan an yi abin ta hanyar wulaƙanci. Wadda ta sayar ba a hukunta ta, mai saye ake nema. Ku lura da kyau, ba mai fasfon Norway kaɗai ta shafa ba, duk wanda mazauninsa ke Norway yana ciki, ko ɗalibi ne ko ma'aikaci.

Kuma ba sai kuɗi sun shiga hannu ba. Yin alkawarin biya ya isa. Ko abokinka ne ya biya maka, kai ma ka shiga. Shaida kuwa ba ta da wuya: saƙonnin waya, tura kuɗi ta banki, ko abokin tafiya ya kai ƙara.

Abin da ya fi damuna shi ne tarar. 'Yan sanda kan miƙo takarda, mutum ya sa hannu don kunya, a rufe maganar da wuri. Wannan sa hannun daidai yake da hukuncin kotu, kuma yana iya jinkirta maka neman zama ɗan ƙasa. Kada ka sa hannu sai ka ga lauya.

Idan yarinyar ba ta kai shekara 18 ba, wannan babi ne daban. A nan sashe na 309 ne, hukuncinsa ya fi tsanani. Amurka kuwa, dokar PROTECT ta 2003 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 30 ga ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, ko da a wata nahiya ya aikata.