Fiffiken Tseren Ruwa: Ina Tsadar Take?

Assalamu alaikum, masu kallonmu na Gombe da kewaye. Ku dubi wannan hoton da kyau. Mutum ne a kan allo, wata babbar laima da ke shawagi a sama, ɗaure da igiyoyi, tana jan sa da iska, amma allon bai taɓa ruwa ba, ya ɗaga sama kusan kamu biyu. Abin da ke ɗauke da shi yana ɓoye a ƙasa. Shi ake kira foyil, fiffike ne da ke tafiya cikin ruwa. A 2024 wannan tsere ya shiga gasar Olamfik ta Faransa a karon farko, aka yi shi a tekun Marsey, inda Valentin Bontus na Ostiriya ya ci zinare a ɓangaren maza, Ellie Aldridge ta Birtaniya a ɓangaren mata.

Wanda duk ya leƙa farashinsa a intanet sai ya riƙe baki. Na alminiyam, wanda masu koyo ke saya, yana kaiwa wajen dala 1,000. Na zaren kabon zalla, wato wani zare mai ƙarfi marar nauyi, yakan kai dala 2,000 zuwa 3,000. Idan kuka lissafa dala a naira 1,500, ƙaramin ya tashi miliyan ɗaya da rabi. Kuma wannan kuɗin foyil ne kaɗai, ba a zo maganar allo da laima da igiyoyi ba. To ina kuɗin yake shiga?

Mu warware shi. Guda huɗu ne. Akwai ginshiƙi, wanda ke sauka daga allo zuwa cikin ruwa. Mai koyo yana farawa da mai tsawon santimita 60 zuwa 70, wanda ya iya ya koma 85 zuwa 95, 'yan tsere kuma su haura 100. A ƙasan ginshiƙin akwai sanda a kwance. A goshinta babban fiffike, a wutsiyarta ƙaramin fiffike mai daidaita tafiya. Notuna kaɗan ne suka haɗa su duka.

Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa fiffiken da faɗinsa bai wuce santimita murabba'i 1,000 ba yake iya ɗaga ƙato mai kilo 80. Kuma idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin ɗagawar ninkawa huɗu yake yi. Don haka na 'yan tsere ƙarami ne, wajen 500 zuwa 600, saboda gudunsu kan haura kilomita 60 a awa.

Amma asalin tsadar a ginshiƙi take, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Ana bukatar abu biyu masu gaba da juna a jikinsa. Dole ya zama siriri, don kada ruwa ya riƙe shi. Dole kuma ya ƙi lanƙwasa, ya ƙi murɗewa, alhali mutum yana tsaye a kansa, laima na fizgarsa gefe. Matsalar ita ce, ƙarfin da ke hana shi lanƙwasa yana raguwa da sauri fiye da kaurinsa. Ku rage kashi 20 cikin 100 na kauri, kusan rabin ƙarfin ya tafi. Ginshiƙin alminiyam kan kai kaurin milimita 16 zuwa 19. Na tsere kan sauka kusa da 12 ko 13, kuma a wannan sirantaka alminiyam ba zai iya ba. Sai zaren kabon, shi ma nau'in da ya fi tauri, wanda ya fi na gama-gari tsada nesa ba kusa ba.

Ga yadda ake yin sa. Zaren yana zuwa ne kamar yadi, an riga an jiƙa shi da gam. Ajiyarsa sai a firiza, digiri 18 ƙasa da sifili, in ba haka ba gam ɗin ya fara tauri, yadin ya lalace. Ana yanka shi falle-falle, ma'aikaci ya jera da hannu cikin mazubin ƙarfe. Wasu fallayen a bi tsawon ginshiƙin da su, su ne ke hana lanƙwasa. Wasu a karkata su digiri 45 hagu da dama, su ne ke hana murɗewa. Sannan a matse, a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 120. Idan iska ta maƙale tsakanin fallaye, ko falle ɗaya ya goce, kayan ya zama asara. Na alminiyam kuwa inji ne ke turo shi dogo, a yi ta yankawa, shi ne dalilin arharsa.

Mazubin nan ma kuɗi ne. Inji mai aiki da kwamfuta ke sassaƙa shi, kuma kowane girman fiffike da nasa. Kamfanin babur yana raba irin wannan kuɗi a kan dubun-dubatar kaya. Masu foyil kasuwarsu ƙarama ce, don haka kowane mai saye yana ɗaukar kaso mai nauyi.

Wani zai ce, ai muna da masu walda da suka ƙware a Gombe, me zai hana a ƙera? Gwanintarsu ba abin musu ba ce, amma ku ji ma'aunin da ake aiki da shi. Ƙaramin fiffiken baya, idan aka sauya karkatarsa da rabin digiri kacal, mai hawa zai ji bambanci a ƙafarsa. Mahaɗar ginshiƙi da sanda idan ta yi motsi ko na milimita ɗaya, a can sama allon rawa zai yi. Bakin baya na fiffike idan bai sha samfefa daidai ba, sai ya riƙa fito yana kaɗawa. Walda kuma tana raunana alminiyam a daidai inda aka ƙona, wato a inda nauyin ya fi taruwa.

Akwai wata tsadar da, a ganinmu, kamfanoni ne suka ɗora wa mutane. Kowanne da irin mahaɗarsa. Fiffiken wannan ba ya shiga sandar wancan. Abin da yawancinsu suka yarda a kai shi ne layuka biyu na ƙarƙashin allo inda ake ɗaura ginshiƙi, masu tazarar milimita 90. Saboda haka kafin ku sayi na farko, ku duba ko kamfanin yana da fiffike masu girma daban-daban da za su hau sanda ɗaya, don in kun ƙware ku sauya fiffike kawai.

Sannan kawo shi gida. Da dala ake biya, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya san yadda canji ya koma. Ga kuɗin jirgi na kaya mai tsawo, ga kwastam, ga harajin kashi 7.5 cikin 100.

Bayan an saya, abin da ya fi cin kuɗi shi ne noti. Alminiyam da kabon da ƙarfen noti idan suka haɗu a cikin ruwa, musamman na gishiri, alminiyam ɗin ne ke cinyewa, notin ya kafe sai an huda shi. Maganin mai sauƙi ne: a shafa wa zaren noti man hana kafewa, irin su Tef-Gel, a wanke da ruwan daɗi bayan kowane hawa, a kwance duka a kai a kai. Kada a bar kabon a bayan mota cikin zafin Maris da Afrilu, gam ɗinsa yana laushi. Wanda zai sayi na hannu kuwa, ya kama fiffike ya girgiza ya ji ko mahaɗa na motsi, ya kwance kowane noti da hannunsa, ya ƙwanƙwasa kabon da kwabo. Inda sautin ya mutu, fallaye sun rabu a ciki.

Mai tunanin gwadawa a madatsar Dadin Kowa, ruwan daɗi zai rage masa matsalar cinyewar ƙarfe, kuma foyil na tashi da iskar kilomita 15 a awa, wadda ba ta isa allo na gama-gari ba. Sai dai ginshiƙi mai santimita 90 yana son zurfin da ya kai mita ɗaya da rabi. Kututture ɗaya a ƙarƙashin ruwa ko ragar masunta ya isa ya fasa fiffike ya wurgar da mai hawa. Akwai dorina a ruwan, wannan ba wasa ba ne. Iskar hunturu tana zuwa da fizga, iskar gaban hadari kuma ba a ɗaga mata laima sam. Sai an nemi izinin hukumar da ke kula da madatsar, an zauna da masunta sun nuna inda ragarsu da dorina suke, an tanadi kwalekwalen ceto, hular kwano da rigar kariya. Kuma ba a fara koyo da foyil. Sai mutum ya iya sarrafa laima a kan allo na gama-gari a hannun malami, sannan ya hau gajeren ginshiƙin alminiyam da babban fiffike.