Hayaniyar farko a dandalin okestira ba kuskure ba ce

Wani gajeren bidiyo da ke nuna makaɗan okestira, wato babbar ƙungiyar kiɗa irin ta Turawa, kowa yana fitar da nasa sautin kafin a fara wasa, ya yi yawo sosai, kuma abin da mutane suka fi faɗa a kai shi ne wai makaɗan sun rikice tun kafin su fara. Ba su rikice ba. Abin da kuke ji saita kayan kiɗa ne, kuma yana da tsari da shugaba.

Ku fara duban yadda suke zaune. Babbar okestira takan ƙunshi makaɗa 80 zuwa 100. A gaba masu kayan tsirkiya ne, wato biyolin kashi biyu, biyola, cello da babban bas, kuma su kaɗai sun haura rabin taron, domin muryar biyolin guda ba ta da ƙarfin da za ta yi gogayya da ƙaho. Bayansu masu kayan busa na katako, sai masu ƙahonnin tagulla, sannan can ƙarshe masu ganguna da faifan ƙarfe.

Yanzu ku lura da wanda ya miƙe riƙe da biyolin. Shi ne shugaban makaɗan, na biyu bayan mai jagorantar kiɗan da sanda. Zai juya ya yi wa mutum ɗaya ishara a tsakiya, wato mai busa obo, abin busa mai harshen kara biyu kamar algaita. Ga shi nan, ya busa sauti guda mai tsawo, wanda ake kira A. Kowa a dandalin zai daidaita abin kiɗansa da wannan sautin: masu busa tukuna, sannan masu tsirkiya su murɗa ƙusoshinsu har muryoyin su haɗu.

Me ya sa A? Domin biyolin, biyola, cello da bas duk suna da tsirkiya mai wannan sauti, daga ita kuma suke gyara sauran. Me ya sa obo? Domin muryarsa siririya ce mai ratsa hayaniya, wanda ke can baya ma zai ji ta sarai, kuma tun ƙarni na 17 yake cikin irin wannan ƙungiya a Faransa. A yau mai obon yakan duba ƙaramar na'urar auna sauti kafin ya busa, abin da a ganina bai rage masa daraja ko kaɗan ba, tun da mutum kusan ɗari ne suka dogara da numfashinsa.

Shi kansa sautin A sai da aka yi yarjejeniya a kansa. Faransa ta tsayar da shi a kan girgizar sauti sau 435 a daƙiƙa a 1859, taron da aka yi a Landan a 1939 kuma ya amince da 440, duk da cewa ƙungiyoyi da dama a Jamus da Ostiriya suna ɗan ɗagawa zuwa 442 ko 443.

Za ku ga sun sake yin haka bayan hutun tsakiyar wasa, saboda zafin fitilu da ɗumin ɗakin suna sassauta tsirkiya, su kuma ɗaga muryar kayan busa. Idan kuwa akwai fiyano a tsakiyar dandali, to shi ne zai ba da sautin, tun da ba a iya gyara shi nan take, obon ma sai ya bi shi.