Jawabin Maraba ga Babban Baƙo daga Sashen Ba Ɗalibai Shawara

Mai girma babban baƙonmu, shugabannin jami'a, malamai da ɗalibai, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, ma'aikatan wannan sashe suna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Tunda ka tako da kanka, bari mu nuna maka yadda aikin yake.

Ɗalibin da damuwa ta danne ba kasafai yake kawo kansa ba. Abokan ɗaki ne ke fara lura: ya daina shiga aji, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa. Idan hakan ya kai mako 2, mukan zauna da shi a keɓe, mu bi tambayoyi 9 na ma'aunin PHQ-9, wanda ake auna tsananin ciwon damuwa da shi. Maki 10 ko fiye, sai mu haɗa shi da likita. Tambaya ta 9 kan tunanin kashe kai ce, kuma kai tsaye muke yin ta, domin tambayar ba ta cusa wa kowa wannan tunani. Wanda ya amsa da "e" ba a barinsa shi kaɗai, ranar zai ga likita.

Sauran aikin kuwa magabata ne suka share mana hanya. Efiktitas, masanin falsafa da ya tashi cikin bauta a daular Rum, ya raba al'amura biyu: abin da ke hannunka da wanda ba ya hannunka. Mukan ja layi a tsakiyar takarda. Sakamakon jarrabawar da ya riga ya fita yana gefe guda. Ganin malami, sake rajistar darasin da gyara lokacin barci suna ɗaya gefen. Ɗalibi ya zaɓi abu ɗaya da zai yi kafin gobe. Abu Zaid al-Balkhi, masani Musulmi wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya ce a tanadi kyawawan tunani tun hankali na kwance, yadda ake ajiye magani kafin ciwo. Shi ya sa muke koyar da wannan tun zangon farko, ba sai jarrabawa ta matso ba.

Inda ake kuskure shi ne a ce wa yaro "ka yi haƙuri" a sallame shi. Ɗalibar da ake cin zarafinta, ko wanda yunwa ta hana karatu, a ɗauki mataki suke bukata, kuma mukan kai ƙorafinsu inda ya dace.

Roƙonmu, ranka ya daɗe: ƙarin ƙwararrun masu ba da shawara, ɗakin ganawa da ke rufa asiri, da horar da masu kula da ɗakunan kwana.

Mun gode. Allah ya mai da kai gida lafiya.