Ashwagandha, saiwar da ke warin doki

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Madalla.

Garin da ke cikin kwalbar nan saiwar wani tsiro ce da Indiyawa ke kira ashwagandha. A harshen Sanskrit, "ashwa" doki ne, "gandha" kuma wari, don in aka tono ta ɗanya warin doki take yi. Ku miƙa ta baya, kowa ya shinshina. Dangin gauta da tumatir ce, 'ya'yanta ƙanana jajaye, kowanne cikin ɓawo mai kamar takarda. An fi noma ta a jihohin Madhya Pradesh da Rajasthan.

Masu maganin gargajiya na can, wato Ayurveda, sukan busar da saiwar su daka, a dama a madara mai ɗumi da zuma ko man shanu, a sha da dare. Ana bai wa mai yawan tunani, da wanda barci ya ƙaurace wa, da wanda ya tashi daga jinya jiki ba ƙwari.

To, tana aiki? In hankalin mutum ya tashi, jiki kan saki wani sinadari, kotisol. A 2012 an wallafa wani gwaji da aka yi a birnin Haidarabad na Indiya da mutum 64. Rabi suka sha miligiram 300 na tataccen saiwar safe da yamma, rabi aka ba su ƙwayar da ba komai a ciki. Bayan kwana 60, kotisol ɗin rukunin farko ya sauka da kusan kashi 28 cikin 100. Abin a yaba ne, amma mutum 64 ko sahu biyu na masallacin Juma'a ba su cika ba, kuma wata biyu kacal aka bi su.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu cewa "ai itace ne, ba ya illa". Zaƙami ma tsiro ne, kuma danginsu ɗaya! An samu waɗanda hantarsu ta taɓu bayan sun sha ta, ƙasar Denmak kuma ta hana sayar da ita a 2023 saboda fargabar wasu illolin daban. Mai juna biyu kada ta kusance ta. Mai ciwon hanta ko maƙoƙo, da mai shan maganin barci, na suga ko na hawan jini, ya fara ganin likita. Wanda ya riga ya fara sha, ya ga ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ya ajiye ta ran nan ya nufi asibiti.

Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu. Bismillah.