Abin da masu sassaucin ra'ayi a Amurka ya kamata su koya wurin 'yan mazan jiya

Jama'a, a zaɓen Nuwamban 2020 mutanen jihar Florida ta Amurka sun zaɓi Donald Trump na jam'iyyar Republican, ɓangaren 'yan mazan jiya. A ranar kuma, a takardar ƙuri'a ɗaya, sama da kashi 60 cikin ɗari suka amince a riƙa ƙara mafi ƙarancin albashi har ya kai dala 15 a awa. Wannan kuwa buƙata ce ta 'yan Democrat, wato ɓangaren masu sassaucin ra'ayi. Ke nan mutane sun sayi hajar, amma sun ƙi mai tallan. Me ya kawo haka?

Sai mun koma 1964. A shekarar jam'iyyar Republican ta tsayar da Barry Goldwater, ɗan ra'ayin mazan jiya mai kaifi ɗaya, ya sha mummunan kaye a hannun Shugaba Lyndon Johnson na Democrat. Jihohi shida kacal ya ci cikin hamsin, biyar daga ciki na Kudu ne, inda aka so shi saboda ya ƙi dokar 'yancin baƙar fata ta wannan shekarar. Wannan tabo ne, kuma ba za mu rufe shi ba. Amma ku duba abin da magoya bayansa suka yi bayan kayen. Ba su canza baki ba. Abin da suke faɗa kafin zaɓe shi suka ci gaba da faɗa: a rage haraji, gwamnati ta rage sa baki a harkar mutane, a ƙarfafa soja. Wani tsohon ɗan fim mai suna Ronald Reagan ya yi wa Goldwater jawabin goyon baya a talabijin ana saura mako guda zaɓe. Bayan shekara 16 shi ne ya shiga fadar White House da wannan saƙon, a 1984 kuma ya lashe jihohi 49.

Mai zaɓe yana gane wanda ya yarda da abin da yake faɗa, ko da bai yarda da shi ba. Yana kuma gane mai baki biyu. A 2004 ɗan takarar Democrat, John Kerry, ya faɗa da bakinsa cewa ya fara kaɗa ƙuri'ar amincewa da dala biliyan 87 na yaƙin Iraƙi da Afghanistan kafin ya kaɗa ta ƙin amincewa. A ƙa'idar majalisa maganar tana da bayani, domin ƙuduri biyu ne daban. Amma wa ke da lokacin jin bayanin? Abokan hamayya suka yi ta maimaita ta har ranar zaɓe.

Su kuwa 'yan mazan jiya ba sa yafe wa nasu idan ya lashe amansa. George Bush babba ya yi alƙawari a 1988 cewa ba sabon haraji, a 1990 ya saɓa, a 1992 ya faɗi zaɓe, kuma da yawa cikin 'yan gidansa ba su yi masa kuka ba.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, batun haƙuri. A 1973 Kotun Ƙoli ta halasta zubar da ciki a duk faɗin ƙasar. Masu adawa da hukuncin suka fara tattaki a Washington a Janairun 1974, kuma suka mayar da shi abin kowace shekara, cikin tsananin sanyin hunturu. A 1982 wasu ɗaliban shari'a suka kafa ƙungiyar Federalist Society. Ba ihu suka sa a gaba ba. Muhawara suke shiryawa a jami'o'i, suna renon matasan lauyoyi, wannan ya zama mataimakin alƙali, wancan ya zama malami, har suka kai ga kujerun manyan kotuna. Da Trump ya zo, jerin sunayen alƙalai yana shirye, ya naɗa uku a Kotun Ƙoli. A Yunin 2022 kotun ta soke hukuncin 1973. Shekara 49 ke nan! Ko kana goyon bayan hukuncin ko ba ka yi, dole ka sara wa wannan juriyar. A daidai lokacin, masu sassaucin ra'ayi sun fi zuba ido kan kujerar shugaban ƙasa, har a zaɓen 2010 'yan Republican suka kwashe ɗaruruwan kujerun majalisun jihohi, waɗanda su ne ke shata mazaɓu a yawancin jihohi.

Sai yadda ake magana. Akwai harajin gado a Amurka wanda a farkon shekarun 2000 kusan gado biyu cikin ɗari ne kawai ke biyansa, na manyan attajirai. 'Yan mazan jiya suka sa masa suna harajin mutuwa, suka yi ta kawo hoton manomin da ya rasu aka tilasta wa 'ya'yansa sayar da gona. Masu kare harajin suka zo da alƙaluma da jadawali. A 2001 aka yi dokar da ta zaftare shi. Ɗaya ya yi magana da zuciyar uba, ɗaya ya yi magana kamar akanta.

Akwai abin da bai kamata a kwaikwaya ba. A 2009 Sarah Palin, tsohuwar 'yar takarar mataimakin shugaban ƙasa ta Republican, ta yaɗa cewa shirin lafiya na Obama zai kafa kwamitocin da za su yanke wanda za a bari ya mutu. Ƙarya ce, ta kuma tsorata tsofaffi ba gaira ba dalili. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin dabara, ya ɗauki guba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu sassaucin ra'ayi sun taɓa iya wannan aikin. Ranar 12 ga Maris 1933 Shugaba Franklin Roosevelt, ɗan Democrat, ya hau rediyo ya bayyana wa talakawa yadda banki ke aiki, da kalmomin da kowa zai gane. Washegari aka fara buɗe bankuna, mutane suka yi layi suna mayar da kuɗinsu. A 1935 ya kafa shirin fanshon tsofaffi, ya gina shi a kan cewa ma'aikaci guminsa yake tarawa, haƙƙinsa ne zai karɓa. A 2005 George Bush ƙarami ya nemi karkatar da wani ɓangare na kuɗin shirin zuwa asusun zuba jari na ɗaiɗaikun mutane. Jam'iyyarsa ke riƙe da majalisun tarayya biyu, amma ko ƙuri'a ba a kai ga kaɗawa ba.