Nauyin Ranar Yaye: Abin da Sikeli ke Nunawa a Gonar Aladu a Denmak

Barkanku da war haka, 'yan'uwa masu kallo. Ƙarfe shida na safe ne a nan yankin Jutland na ƙasar Denmak, kuma yau ranar yaye ce a gonar da nake aiki, shi ya sa na shigo da ku ɗakin da muke auna 'yan aladu kafin a raba su da iyayensu.

Ku dubi waɗannan biyun. Uwarsu ɗaya, rana ɗaya aka haife su, yau kwanansu 28 a duniya, amma na dama ya hau sikeli da kilo 8, na hagu kuwa da ƙyar ya cika kilo 5. Wannan tazarar tun ranar haihuwa ta faro. Aladun nan sukan haifi 'ya'ya 17 ko fiye a ciki ɗaya, alhali kan nonon uwar yawanci 14 ne, don haka wanda aka haifa ƙasa da kilo 1 shi ake turewa gefe, ba ya samun isasshen dakashi a ranar farko, kuma sau da yawa nonon baya mai ƙarancin ruwa ne ke zama rabonsa. Dakashin nan kuwa shi ne garkuwar jikinsa daga cututtuka.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne yadda kilo 3 kacal ke zama kuɗi mai yawa. A wannan sashen muna riƙon su har su kai kilo 30, nauyin da ake sayar da su, a kai da yawa Jamus da Poland domin a ƙarasa kiwonsu. Abincin farko bayan yaye shi ne mafi tsada a duk gonar, domin ana haɗa shi da garin madara da hatsin da aka sarrafa yadda hanjin ƙaramar dabba zai iya narkarwa. Na kilo 8 ɗin nan zai ci shi na ɗan lokaci ya koma kan mai sauƙin kuɗi na alkama da sha'ir da waken soya, amma ƙaramin dole a bar shi a kai tsawon lokaci, a ƙara masa ɗumi, a kuma sa masa ido saboda gudawa. Tun watan Yunin 2022 da Tarayyar Turai ta hana ba da sinadarin zinki mai yawa a matsayin maganin gudawar yaye, kula da irin waɗannan ƙananan ta ƙara nauyi a kanmu.

Sannan ga maganar kwanaki, wadda a ganina ita ce gundarin lissafin. Kowace rana dabba tana cin wani kaso na abinci wanda ba ya zama nama, aikinsa kawai riƙe numfashi da ɗumin jiki. Idan ƙaramin ya makara da mako ɗaya ko biyu kafin ya kai nauyin sayarwa, duk kwanakin nan mai gona yana biyan wannan kason, ga ɗakin da ya kamata a wanke a zuba sababbi yana tsare. Da yake abinci ya haura rabin kuɗin da ake kashewa a kiwon alade, jinkirin mako guda ba ƙaramar asara ba ce idan dabbobin sun kai ɗaruruwa.

Wannan ne ya sa nake tuna kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan, inda na taso ina ganin ana ciniki da ido. Mai saye yakan zaɓi ƙarami saboda araha, ya kai gida yana murna, bai san dusar da zai ci kafin ya kamo 'yan'uwansa za ta cinye rangwamen da aka yi masa ba. Ina roƙon masu kiwo na gida su nemi ko da sikelin rataye ne da buhu, su tambayi kwanakin dabbar kafin su biya, domin kilo 6 a mako huɗu daban yake da kilo 6 a mako takwas.

Yanzu zan shafa wa na hagun nan shuɗin fenti a baya, ya shiga kejin ƙanana da ke kusa da fitilar ɗumi, inda za mu riƙa jiƙa musu abinci da ruwan ɗumi sau da yawa a rana har sai sun saba da ci da kansu.